Yadda Za Ka Gane Ko Akwai Arsenik a Ruwan Shanka, da Abin Yi Idan An Samu

Arsenik dai wani sinadari ne mai guba, ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Za ka iya ɗibar ruwa a kofi ka ɗaga shi ga haske ka gan shi garai-garai, ka kurɓa ka ji daɗinsa, alhali yana ɗauke da gubar da ta ninka ƙa'ida sau goma ko ma sau hamsin, kuma harshenka ba zai ce maka uffan ba. Ba kuma irin gubar da za ka sha yau gobe ka kwana a banɗaki ba ce, a'a, shekaru take yi tana aiki a ɓoye. Shi ya sa duk bayanin da zan yi a nan ya rataya ne a kan abu ɗaya, wato gwaji. In ba ka gwada ruwanka ba to ba ka sani ba, ko da kuwa kakanka ne ya haƙa rijiyar.

Daga ina yake shiga ruwa?

Yawanci ba wani ne ya zuba shi ba. Sinadari ne da yake cikin duwatsu da laka tun asali, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya jima yana kwance a kansu sai ya riƙa narkar da shi a hankali, musamman a can ƙasa inda iska ba ta kaiwa. Saboda haka rijiyar burtsatse ta fi kogi ko ruwan sama haɗarin wannan matsala. Akwai kuma hannun ɗan Adam, kamar haƙar ma'adinai, musamman zinariya don sau da yawa dutsen da ke ɗauke da zinariya yana tafe da arsenik, da narkar da ƙarafa, da ƙona gawayin kwal, da wasu tsofaffin magungunan ƙwari da na feshin katako.

Abin da ya faru a Bangaladesh ya isa mutum ya shiga taitayinsa. Tun daga shekarun 1970 aka shiga haƙa rijiyoyin tuƙa-tuƙa da taimakon hukumomi irin su UNICEF, don yara na ta mutuwa da gudawa da kwalara saboda shan ruwan tafki, kuma gaskiya rijiyoyin sun ceci rayuka ba kaɗan ba, amma ba wanda ya gwada ruwan don arsenik a lokacin. Sai a 1993 aka tabbatar da shi a rijiyoyin ƙasar, bayan likitoci a Yammacin Bengal ta Indiya sun riga sun fara ganin alamunsa a fatar mutane tun farkon shekarun 1980. Kafin a farga miliyoyin mutane sun yi shekara da shekaru suna sha. Kuma ba su kaɗai ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 140 a ƙasashe aƙalla 70 suna shan ruwan da arsenik ɗinsa ya haura ƙa'ida, daga Ajantina da Chile da Meziko zuwa Amurka, Sin, Biyetnam, Kambodiya da Pakistan, har da wasu yankunan zinariya na Ghana da arewacin Burkina Faso.

Maganar kansa, wato ciwon daji

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, da ke birnin Lyon a Faransa, ta sa arsenik a rukuni na 1, rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam, rukuni ɗaya da taba sigari. Kansar fata, ta mafitsara da ta huhu su ne ukun da hujja ta fi ƙarfi a kansu. Mutane kan yi mamakin ta huhu, wai ya za a yi abin da aka sha ya taɓa huhu, to jini ne ke yawo da shi ko'ina. Ban da kansa kuma ana danganta shi da ciwon zuciya da hanyoyin jini, da ciwon suga, da matsala ga jariri tun yana ciki, da raguwar kaifin ƙwaƙwalwar yara. A kudu maso yammacin Taiwan har ciwo aka samu da ƙafa ke yin baƙi ta mutu saboda jini ya daina kai mata, wasu sai da aka yanke musu.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne jinkirinsa. Birnin Antofagasta a arewacin Chile, cikin hamadar Atacama, a 1958 ya fara jawo ruwa daga koguna masu gangarowa daga tsaunukan Andes, ruwan na ɗauke da arsenik sama da maikurogiram 800 a kowace lita (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, ƙa'idar yau kuwa 10 ce). Haka aka sha har 1970 da aka kafa matatar cire shi. An gyara ruwa, magana ta ƙare ko? Ina! Mace-macen kansar huhu da mafitsara sai hauhawa suka yi bayan nan, kuma har bayan shekaru kusan 40 da gyaran masu bincike suna ganin haɗarin bai koma daidai ba, waɗanda kuma suka sha tun suna ciki ko suna ƙanana an ga cutar huhu ta kama su da yawa tun da ƙuruciyarsu. Don haka kar wani ya ce maka "mu shekara goma muna sha ba abin da ya same mu", wannan ba hujja ba ce sam.

Kai ruwanka gwaji

Idan ruwan fanfo kake sha daga hukumar ruwa, nauyin gwaji na kansu, kana da damar ka tambaye su sakamakon arsenik na baya-bayan nan. Idan kuwa rijiyarka ce ko burtsatsen gida ko ta unguwa, to ba mai yi maka sai kai.

Nemi ɗakin gwajin ruwa da hukuma ta amince da shi, na gwamnati ko na jami'a ko mai zaman kansa. Ka ambaci arsenik da sunansa, don gwajin da aka saba yi na yau da kullum ƙwayoyin cuta ne da gishiri-gishiri da tsami, sai a ba ka takarda mai cewa ruwa lafiya lau alhali ba a ma duba arsenik ba. Ka kuma tambaye su, na'urarku tana iya gano ƙasa da maikurogiram 10? In mafi ƙarancin abin da take gani 50 ne, sakamakon "ba a samu ba" bai amfane ka da komai ba.

Wajen ɗibar samfur, ka karɓi kwalba daga wurinsu, kar ka wanke tsohuwar robar lemo ka cika. Sau da yawa za ka ga ɗan ruwa-ruwa a gindin kwalbar da suka ba ka, asid ne da aka sa da gangan don kar arsenik ya manne ko ya kwanta kafin a kai, to kar ka zubar, kar ka ɗauraye, kar kuma ya taɓa maka ido. Ka bar fanfon ya zuba na 'yan mintuna tukuna don ruwan da ya kwana a bututu ya fita, sannan ka cika, ka rufe, ka rubuta rana da wurin da ka ɗiba. Ka ɗiba daga inda kuke sha a zahiri. In kana da filta, kwalba biyu za ka yi, ɗaya kafin filta ɗaya bayanta.

Akwai kuma kayan gwaji na hannu da ake yi a bakin rijiya. Yadda suke aiki, za ka zuba ruwa a kwalba har zuwa layin da aka zana, ka zuba garin asid da garin zinc, ka maƙala wata 'yar siririyar takarda a murfin yadda ba za ta taɓa ruwan ba, ka rufe ka jira kamar minti ashirin ko abin da takardar bayani ta ce. In akwai arsenik zai tashi a matsayin iska ya taɓa takardar, sai ka ga ta juya daga fari zuwa rawaya-rawaya, in ya yi yawa ta koma ruwan ƙasa, sai ka gwada da jerin launukan da ke jikin kwalin. A waje ake yin wannan ba a ɗaki ba, don iskar da ke tashi ita ma guba ce, takardar kuma akwai sinadarin makuri a jikinta, kar a bar wa yara. Wannan gwaji yana da kyau wajen kama ruwan da ya ɓaci sosai, amma a kusa da 10 ido na iya yaudararka, rawaya kaɗan da rawaya kaɗan-kaɗan wa zai rantse? Ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ma yana rikita shi. Duk abin da ya nuna launi ko yaya, a kai lab, wato ɗakin gwaji, a tabbatar.

Wani kuskure da ake yawan yi, maƙwabci ya gwada tasa an ce lafiya sai kowa ya kwantar da hankali. Rijiyoyi biyu da 'yan taku ne tsakaninsu na iya bambanta nesa ba kusa ba, don zurfinsu ba ɗaya ba kuma shimfiɗar ƙasar da kowacce ke jan ruwa daga ciki daban. Kowace rijiya da nata gwajin. Sabuwar rijiya a gwada kafin a fara sha, in an ƙara mata zurfi a sake, kuma ko lafiya take a riƙa maimaitawa bayan 'yan shekaru.

Karanta takardar sakamako

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce maikurogiram 10 a lita, tun 1993 da ta sauko da shi daga 50. Don ka gane ƙanƙantarsa, giram ɗaya tak na arsenik a cikin lita 100,000 na ruwa ya kai wannan iyaka. A takarda za ka iya ganin 10 µg/L, ko 10 ppb, ko 0.01 mg/L, duk abu ɗaya ne. Nan ne fa mutane ke faɗawa rami, mutum ya ga 0.05 mg/L ya ce ai sifili ne da ɗan ɗigo, alhali 50 ke nan, ninki biyar. In an rubuta da mg/L ka ninka da 1,000 kawai.

Amurka ta koma 10 a 2001, aka fara tilasta shi a 2006. Wasu ƙasashen kamar Bangaladesh sun daɗe a kan 50, saboda haka in lab ɗinka ya rubuta "ya dace da ƙa'ida" ka duba wace ƙa'idar yake nufi. Ni a ganina ko 10 ɗin ma kar ka ɗauke shi a matsayin katangar da in ka tsaya bayanta ka tsira, ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira shi ma'auni na wucin gadi, ta tsaya a nan ne saboda wahalar aunawa da cirewa, ba don an tabbatar ƙasa da shi babu haɗari ba. Denmark da jihar New Jersey ta Amurka ma 5 suke amfani da shi. Saboda haka in ka samu 7 ko 8 ba abin firgita ba ne, amma in da hali a rage, musamman in akwai mai ciki ko jarirai a gidan. In ya haura 10 a canza ruwan sha. In ya kai 50 ko ɗaruruwa, yau ɗin nan za a daina, ba sai an yi shawara ba.

Abubuwan da ba sa aiki

Tafasawa. Don Allah a bar wannan. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma arsenik ba abu mai rai ba ne balle ya mutu, tururi ne ke tafiya shi kuma ya zauna, wato ruwan ya ragu gubar ta ƙara kauri. Kulorin ma ba ya cire shi, haka shanya ruwa a rana, haka fitilar UV, haka tacewa da ƙyalle, haka yawancin filtocin gawayi na cikin jug da ake saya don gyara ɗanɗano. Alimun kan kwantar da wani kaso tare da laka, manyan matatu ma suna amfani da shi da gishirin ƙarfe amma da awo da kulawa, a gida kuwa ba za ka san nawa ya fita nawa ya rage ba, kar ka dogara da shi.

Abin da ke aiki

Mafi sauƙi kuma mafi arha shi ne canza inda kake ɗibar ruwan sha da na girki. Ka lura na ce sha da girki. Arsenik ba ya ratsa fata sosai, don haka wanka da wanki da wanke-wanke da share gida duk za a iya ci gaba da su da ruwan rijiyar, sai dai a kula kar yara su riƙa haɗiya wajen wanka. Wannan ya rage maka aiki ƙwarai, 'yan litoci ne kawai ga kowane mutum a rana za ka nema. Amma girki fa har da shayi, miya, ƙanƙara, da madarar gwangwani ta jarirai. Shinkafa kuwa sai an yi hattara biyu, don ita tun a gona ta fi sauran hatsi jan arsenik, in ka dafa ta da gurɓataccen ruwa kuma ta shanye shi duka. Dafa ta da ruwa mai tsabta mai yawa a tsiyaye yana rage wanda ke jikinta. Mai shayarwa kuma ta ci gaba da shayarwa, arsenik kaɗan ne ƙwarai ke shiga nono ko da uwar na shan ruwan, haɗarin ya fi yawa in aka dama wa jariri madara da ruwan rijiyar.

Ina za a samu ruwan? Wata rijiya da aka gwada aka ga lafiya, ko ruwan fanfo da aka tace, ko ruwan sama da aka tara a tanki mai murfi bayan an bar zubin farko ya wanke rufin ya tafi. A Bangaladesh rijiyoyi masu zurfin da ya wuce mita 150 yawanci sun fi tsabta, amma wannan yanayin ƙasarsu ne, a wani wurin ƙara zurfi na iya kai ka ga wanda ya fi muni, sai an gwada. Kuma kar a yi gudun gara a faɗa gidan zago, mutum ya bar burtsatse ya koma shan ruwan tafki ko buɗaɗɗiyar rijiya haka nan ba magani, kwalara ba ta jiran shekara ashirin. In ruwan sarari za a koma, to shi ne ake tafasawa ko a sa masa kulorin.

In babu wani ruwan sai dai a tace wannan ɗin, to sai ka san wani abu da masu sayar da filta ba kasafai suke faɗa ba. Arsenik a ruwa kala biyu ne, akwai wanda ake rubutawa As(III) da kuma As(V). Na biyun yana da sauƙin kamawa, na farkon kuwa yana sulalewa ta cikin filtoci da yawa, kuma shi ne ya fi yawa a ruwa mai zurfi marar iska. Dabarar ita ce a juya na farkon ya koma na biyu kafin ya isa filta, kuma a nan ne kulorin ke da amfani, ba ya cirewa amma yana juya shi. Shi ya sa kafin ka kashe kuɗi yana da kyau ka roƙi lab su raba maka kala biyun.

Na'urar RO, wadda ke matsa ruwa ta cikin wata siririyar fata, tana cire As(V) sosai, ana sa ta ƙarƙashin wurin wanke-wanke ta ba da fanfo guda na sha, sai dai tana son matsin ruwa mai kyau kuma tana zubar da ruwa da yawa. Akwai filtoci masu garin ƙarfe ko alumina da arsenik ke mannewa a jikinsu. Akwai na'urar da ke mai da ruwa tururi ta sake tara shi, ita ma tana aiki amma tana cin wuta. In za ka saya ka duba ko an rubuta arsenik ƙarara a cikin abin da aka tabbatar tana cirewa, misali shaidar NSF, ƙungiyar da ke gwada irin waɗannan na'urori, kar ka yarda da "tana cire duk wani datti".

Ƙarfe dai abokin tafiya ne a wannan harka, don tsatsa na riƙe arsenik. A kan haka Abul Hussam, masanin kimiyya ɗan asalin Bangaladesh na Jami'ar George Mason ta Amurka, ya ƙera filtar SONO, bokitai biyu ɗaya kan ɗaya da yashi da gawayi da ɓaraguzan bulo da wani haɗin ƙarfe, ba ta buƙatar lantarki, har ta ci kyautar Grainger ta dala miliyan ɗaya a 2007. A Nepal kuma akwai filtar Kanchan mai amfani da ƙusoshi masu tsatsa a saman yashi. Amma kar ka ji haka ka je ka zuba ƙusoshi a bokiti ka ce ka gama, aikinsu ya danganta da irin ruwan, in akwai sinadarin fosfet da yawa misali sai ya yi gasa da arsenik wajen mannewa, filtar ta gaza.

Kowace filta tana cika, kuma ranar da ta cika ba za ta sanar da kai ba, ruwa zai ci gaba da fitowa yadda ya saba. Akwai ma wani nau'in mai musayar sinadarai da in ya ƙoshi yakan saki abin da ya tara, ruwan da ke fita ya fi wanda ke shiga guba. Don haka a gwada ruwan filta bayan an kafa ta, a kuma riƙa gwadawa aƙalla sau ɗaya a shekara, a canza kayan ciki a kan lokaci, tsohon kuma kar a watsar kusa da rijiya ko inda yara ke wasa.

Jikinka fa?

In an daɗe ana sha, fata ce kan fara magana, yawanci bayan shekara biyar ko fiye. Duba ƙirji da baya, za ka iya ganin ɗigo-ɗigon baƙi gauraye da farare kamar an yayyafa ruwa a kan ƙura. Shafa tafin hannu da tafin ƙafa, ana samun ƙananan ƙulla-ƙulla masu tauri, wani lokacin kafin ido ya gan su yatsa ya riga ya ji su, daban suke da kantar aiki don suna fitowa har inda ba a murzawa. Amma da yawa ba sa nuna komai a fata kuma haɗarin na nan, saboda haka fata mai kyau ba takardar sallama ba ce.

Ka je wa likita da takardar gwajin ruwan a hannu, ka faɗa masa shekara nawa kuna sha. Gwajin fitsari ne aka fi yi, yana nuna abin da ya shiga jiki a 'yan kwanakin baya. Ka daina cin kifi da sauran kayan teku kwanaki kafin gwajin, don suna ɗauke da wani nau'in arsenik da kusan ba ya cutarwa amma yana kumbura sakamako ya tsorata ka a banza. Gwajin jini ba shi da amfani sosai a nan don arsenik ba ya daɗewa a jini, gashi da farce kuma suna nuna na watannin baya. Jini a fitsari ko da sau ɗaya ne kuma ba zafi, tari da ya ƙi tafiya, gyambo ko ƙurji a fata da ya ƙi warkewa ko yake canza kama, waɗannan ba na jira ba ne.

Mai shan taba kuma ya sani haɗarinsa ba tarawa ake yi ba, sigari da arsenik in sun haɗu a huhu ƙarfafa juna suke yi, barin tabar na daga cikin manyan abubuwan da zai iya yi wa kansa. Masu tallar maganin "wanke guba daga jiki" kuma ka riƙe kuɗinka. Jiki da kansa yana fitar da mafi yawan arsenik ta fitsari cikin kwanaki in an daina ƙara masa, abinci mai gina jiki da ganyayyaki masu bitamin folet suna taimaka masa a wannan aiki, allurai masu kama ƙarfe a jini kuwa na asibiti ne don wanda ya sha guba mai yawa lokaci guda, ba a tabbatar suna hana kansa ga wanda ya daɗe yana shan kaɗan-kaɗan ba.

In rijiyar ba taka kaɗai ba ce, ka sanar da duk masu ɗiba da hukumar lafiya ko ta ruwa da ke kusa. A Bangaladesh fenti suka yi amfani da shi, bakin fanfo ja na nufin kar a sha, kore na nufin a sha, ko wanda bai iya karatu ba ya gane. Ba sai an toshe rijiyar ba tunda tana da amfanin wanka da wanki, alama dai za a sa mata mai ɗorewa, a riƙa sabunta fentin in ya koɗe. Takardar sakamakon kuma a adana ta, a ɗauki hotonta a waya, don ko bayan shekaru likitan da zai duba ɗaya daga cikin yaran gidan zai buƙaci sanin adadin da kuma tsawon lokacin da aka sha.